Wa Ya Yi Gadin Bukkar Thoreau?

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Dutsin-Ma da Kurfi, domin a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun labari. Kusan wata uku mutanen Birchi da Wurma da Makera suka yi ba kira, ba saƙo, ba intanet. Wanda larura ta kama sai ya hau mota ya nufi inda sabis yake, ya yi wayarsa ya komo. A daidai wannan lokaci, can a Turai da Amurka, mutanen da kullen korona ya gundura suna biyan kuɗi masu kauri don su sami kwana biyu a wata bukkar katako cikin daji, inda waya ba ta kamawa. Hali ɗaya ne, amma wani ya kira shi hutu, wani ya kira shi ukuba.

Wannan marmari na barin gari a koma daji yana da adabinsa, kuma adabi ne mai yawan masoya. Ya iso ƙasar Hausa ma. Da wuya a zauna da ma'aikacin banki ko malamin jami'a ko likitan da ya doshi shekara hamsin ba a ji shi yana zancen gidan gonar da zai gina in ya yi ritaya ba: 'yan shanu, kaji, mangwaro, rijiyar burtsatse da farantan sola, nesa da hayaniya. Wasu daga littattafai suka ɗauko wannan buri, da yawa kuma daga bidiyoyin YouTube waɗanda su ma jikokin littattafan ne. Littattafan sun cancanci a karanta su. Sai dai mai karatu ɗan Dutsin-Ma ko Kurfi zai ga wani abu a cikinsu wanda marubutan ba su damu su ambata ba, domin su a wurinsu kamar iska yake: kowane ɗayansu ya kwana shi kaɗai a daji ne bisa amincewar cewa babu mai zuwa cikin dare.

Uban wannan adabi shi ne Walden, wanda Henry David Thoreau ya wallafa a 1854. Ranar 4 ga Yuli, 1845, Thoreau ya tare a wata 'yar bukka da ya gina da hannunsa a bakin tafkin Walden, kusa da garin Konkod a Amurka. Faɗinta ƙafa 10, tsawonta ƙafa 15, kuma ya lissafa abin da ya kashe har kan ƙusa: dala 28 da 'yan kai. Ya noma wake, ya yi shekara biyu da wata biyu, sannan ya koma gari. Abin da ya sa littafin bai tsufa ba shi ne tambayar da ke ƙarƙashinsa, wato nawa ne daga cikin kwanakin rayuwar mutum yake sayarwa don ya mallaki abin da bai zame masa dole ba. Ma'aikacin da ke biyan hayar Abuja ya san zafin wannan tambaya ko bai taɓa jin sunan Thoreau ba.

To amma a dubi bukkar da kyau. Filin na abokinsa ne, Ralph Waldo Emerson. Tsakaninta da gari bai kai mil biyu ba, layin dogo kuma yana bin gefen tafkin. Thoreau yakan shiga gari kusan kullum ko bayan kwana biyu, ya ji labari, ya ga mutane. Sau ɗaya tak aka ɗauke shi da ƙarfi a duk zamansa, a watan Yuli na 1846, kuma hukuma ce ta kama shi saboda ya ƙi biyan haraji. Kwana guda ya yi a tsare aka sake shi. Masu suka sun daɗe suna yi masa dariya a kan wannan kusanci da gida, suna cewa kaɗaicinsa na wasa ne. Sukar ba ta da nauyi sosai, don bai taɓa ɓoye nisan ba. Abin lura shi ne hukumar da ya ƙi biya wa haraji ita ce ta sa ya iya barin ƙofarsa ba kulle.

Wanda ya fi shi shiga daji da gaske shi ne Richard Proenneke, makanikin da ya haura shekara hamsin lokacin da ya gina ɗakinsa na gungume a bakin wani tafki a Alaska a 1968, da gatari da zarto da kayan hannu kawai. Ya yi kimanin shekara talatin a wurin. Daga littafin ajiyar bayanansa na kullum aka fitar da One Man's Wilderness a 1973, kuma duk mai son ganin yadda aikin hannu ke gyara tunanin mutum, nan zai same shi. Amma shi ma ƙaramin jirgin sama ne ke sauka a kan tafkin lokaci zuwa lokaci, ya kawo masa gari da wake da wasiƙu. Wanda ya tafi ba tare da irin wannan igiya ba shi ne Christopher McCandless, saurayi ɗan shekara 24 da Jon Krakauer ya ba da labarinsa a Into the Wild a 1996. Ya shiga dajin Alaska a 1992 da ɗan buhun shinkafa da bindiga. Da ya so fitowa sai ya tarar kogin da ya ƙetare ya cika ya tumbatsa, ya koma tsohuwar motar da yake fakewa a ciki, yunwa ta ƙarasa shi a watan Agusta. Matasa da yawa sun karanta shi a matsayin gwarzo. Tsohon manomi a Tsauri zai ji labarin ya tambayi abu ɗaya: wa ya gaya wa inda za shi?

Akwai kuma littattafan Laura Ingalls Wilder, waɗanda suka fi sauran kama da rayuwar manomi, don iyali ne da 'ya'ya da dabbobi. A bayansu akwai dokar Amurka ta 1862 wadda ta ba duk wanda ya zauna ya noma fili na shekara biyar eka 160, kusan hekta 65, da takardar mallaka. Little House on the Prairie, na 1935, ana karanta wa yara shi a matsayin labarin jarumtaka, alhali filin da iyalin suka sauka a Kansas na ƙabilar Osage ne, mutanen da aka tura gaba don a buɗe wa baƙi wuri. Dajin da littafi ya ce ba kowa, galibi akwai wanda aka kora daga cikinsa. Mafi gaskiya a jerin shi ne The Long Winter, kan hunturun 1880 zuwa 1881, lokacin da ƙanƙara ta tare jirgin ƙasa wata da watanni, iyalin suka riƙa niƙa alkama da 'yar na'urar niƙa kofi, suna murɗa ciyawa suna hura wuta. Sun tsira, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne sun bar gidan gona sun shiga gari kafin sanyin ya tsananta.

Wannan motsi na ƙarshe, daga gona zuwa gari idan abu ya yi tsanani, shi ne tarihin tsakiyar ƙasar Katsina gaba ɗaya.

Bahaushe ba baƙon saran daji ba ne. Labarin da aka gada a Dutsin-Ma shi ne wani maharbi mai suna Ma ya fara zama a kan duwatsun wurin, sunan garin kuma daga nan ya samo asali. Garuruwa da yawa haka suka fara: maharbi ya gano ruwa da nama, ya kafa bukka, manomi ya biyo shi, maƙeri ya biyo manomi. Duk inda aka ji Gidan wane, Unguwar wane, Tungar wane ko Sabon Garin wane, sunan wani ne da ya taɓa neman izinin dagaci, ya sa gatari ya sare sabara da geza da kalgo, ya bar kuka da ɗorawa da gawo a tsaye, ya kewaye gida da danga. Bambancin shi ne bai tafi don ya rabu da mutane ba. Ya tafi ne da matansa da ƙannensa da 'ya'yansa, a matsayin gandu guda, kuma nasararsa ita ce wasu su biyo shi har wurin ya sami masallaci da mai unguwa. Ginin ma bai yarda da kaɗaici ba. Mutum zai iya yin tubali shi kaɗai, ya saƙa zana, ya yanko shuci, amma ranar ɗora rufi sai ya kira maƙwabta. Da Hausawa suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, bayanin aikin gini suke yi kafin ya zama karin magana. Noman da ya fi ƙarfin gida kuwa gayya ake kira masa.

Ba wai babu al'adar kaɗaita ba. Akwai halwar masu ibada, akwai kuma kiskadi, inda gardawa ke kafa 'yan bukkoki a bayan gari don su tsare karatun Alƙur'ani. Amma waɗannan na ɗan lokaci ne, da manufa sananniya, kuma abinci daga gari yake zuwa. A adabin Hausa na farko ma, daga Ruwan Bagaja na 1934 zuwa Magana Jari Ce, daji wuri ne da ake ratsawa, mazaunin aljannu da 'yan fashi da namun dawa. Jarumi yana shiga ya fito; ba ya gina gida a can don ya huta.

Dalilin yana cikin tarihi. Bayan jihadi ya ci Katsina a farkon ƙarni na 19, sarakunan Haɓe da aka kora suka kafa Maraɗi, daga can kuma aka shafe shekaru ana kai hare-hare kudu. Yammacin Katsina, wajen Ruma da abin da ke kewaye da Dajin Rugu, ya sha wuya ƙwarai; ƙauyuka suka watse, daji ya cinye gonaki, mutane suka taru a garuruwa masu ganuwa. Yusufu Bala Usman ya bi diddigin wannan zamani a The Transformation of Katsina, wanda aka buga a 1981. Amma wanda yake son ya ji yadda abin yake a jikin mutum, sai ya nemi Baba of Karo. Mary Smith ce ta rubuta shi daga bakin wata tsohuwa, Baba, tsakanin 1949 da 1950, aka wallafa shi a 1954. Baba ta girma a ƙauyen Karo, kusa da Zarewa, a kan iyakar Kano da Zazzau, kafin zuwan Turawa. Ta ba da labarin gandun gidansu da rinjinsu, da yadda ake gudu a shiga garin Zarewa idan an ji mahara, da yadda aka kama wasu daga cikin danginta aka tara wuri aka fanso su. Mai karatu a Kurfi a yau ba ya buƙatar a yi masa sharhin waɗannan shafuka. In da za a zaɓi littafi ɗaya kan zaman nesa da gari wanda ya fi dacewa da wannan yanki, to shi ne, ya sha gaban Walden nesa ba kusa ba.

Bayan 1903 hare-haren suka lafa, sai mutane suka fara fita daga ganuwa. Zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, daga 1906 zuwa 1944, zamani ne na sake cika dazuzzukan da aka gudu aka bari, ga kuma gyaɗa da auduga sun sami kasuwa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano. Mulkin mallaka ya zo da nasa zalunci, haraji da aikin tilas ba ƙaramin abu ba ne, amma ya tabbata cewa mutum ya iya kwana a tsakiyar gonarsa. Yawancin ƙananan unguwannin da ke warwatse tsakanin manyan garuruwa 'ya'yan wannan zamani ne. Wato gida guda a tsakiyar gona ma'auni ne: idan ana ganinsa, akwai aminci a ƙasa, idan ya zama kufai, babu.

Kan yadda rayuwar take ta fuskar tattalin arziki, Polly Hill ta yi aikin da har yau ba a yi kamarsa ba. Ta zauna a Batagarawa, kudu da birnin Katsina kaɗan, a 1967, ta fitar da Rural Hausa a 1972. Babban kaso na littafin ƙamus ne na kalmomin noma da ciniki na Hausa, daga gandu da gayauna zuwa ƙwadago da jingina, kowace da bayaninta. Ta nuna bambancin karkara, wato gonakin kusa da gari da ake zuba wa taki ana nomawa kowace shekara, da gonakin daji da ake hutarwa. Ta kuma rusa tatsuniyar cewa mutanen ƙauye duk ɗaya suke: akwai mai rumbunan da ke ajiye hatsi sai ya yi tsada, akwai wanda talauci ya hana shi noma gonarsa, domin a lokacin da ya kamata ya yi nasa noman yana gonar wani yana ƙwadago don abincin ranar. Michael Watts, wanda ya yi bincikensa a Kaita, ya ɗora a kan wannan a Silent Violence na 1983, inda ya bi tarihin yunwa tun daga ta 1913 zuwa 1914 har zuwa farin shekarun 1970. Duk wanda ya karanta waɗannan biyun zai daina ɗaukar dogaro da kai a matsayin halin kirki kawai. Lissafi ne na dami nawa aka girbe, baki nawa ke ci, da wa zai ba da rance a watan Agusta idan rumbu ya ƙare kafin sabon gero ya nuna.

Yanzu motsin ya juya. A watan Agusta na 2019 'yan bindiga suka afka wa Wurma a ƙaramar hukumar Kurfi suka yi awon gaba da mutane. Ranar 18 ga Afrilu, 2020, aka kai hare-hare a ƙauyukan Dutsin-Ma da Ɗanmusa da Safana, 'yan sanda suka tabbatar da mutuwar mutum 47. A watan Oktoba na 2023 aka shiga cikin garin Dutsin-Ma kansa aka sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya daga gidan da suke haya, a watan da gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma. Tsakanin waɗannan ranaku akwai abin da ba ya shiga labarai: gidan da aka kwashe cikin dare a amalanke, rumbun da aka daina cikawa don cikakken rumbu gayyata ne, shanun noma da aka sayar kafin a kore su, gonar daji da aka bari aka dawo ana rububin 'yar karkarar da ke bakin gari. A wasu wurare sai an biya 'yan bindiga kafin a yi shuka ko girbi. Idan shanu suka tafi, taki ya tafi da su, kuma ƙasar da ba ta hutawa ba ta kuma samun taki, kowa ya san ƙarshenta. Farashin tiyar masara a birnin Katsina yana da alaƙa da waɗannan kufai, ko mai saye ya sani ko bai sani ba.

Ba za a yi wannan magana a tsallake ruga ba. In ana neman gwanayen zaman daji a wannan yanki, Fulani makiyaya ne, waɗanda suka san ciyawa da mashaya da alamun sama fiye da duk wani marubucin Amurka. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ta yi alkawarin keɓe musu wurare, kuma makiyayar Ruma-Kukar Jangarai a ƙasar Katsina tana cikin waɗanda aka fara kashe wa kuɗi. Sannu a hankali madatsun ruwa suka cushe, gonaki suka ci burtali, satar shanu ta talauta gidaje da yawa. Wannan ba uzuri ba ne ga wanda ya ɗauki bindiga ya kashe manomi. Amma makiyayin da bai ɗauki bindiga ba, wanda shi ne mafi rinjaye, ya rasa daji sau biyu: ɓarayi sun kore shi daga ciki, a gari kuma ana kallonsa da zargi. Cyprian Ekwensi ya gwada rubuta rayuwar ruga a Burning Grass tun 1962. Littafi ne mai daɗi, amma na mai leƙe ne daga waje.

Mai karatu zai iya cewa ke nan littattafan bukka ba su da amfani a nan, wasan masu ƙoshi ne. Wannan ya yi tsauri. Akwai abin da suka iya wanda ya kamata a koya daga gare su, wato ɗaukar ƙaramin aiki da muhimmanci har a rubuta shi. Thoreau ya rubuta ranar da ƙanƙarar tafki ta narke da kuɗin kowane katako. Proenneke ya rubuta yadda ake sassaƙa maƙalar ƙofa daga kututture. Saboda sun rubuta, ɗakin Proenneke yau hukumar gandun daji ta Amurka ce ke kula da shi, mutane na zuwa kallo. A tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi kuwa akwai dubban mutane da suka fi su sanin wannan ilimi, don su rayuwarsu ce ta dogara a kansa: yadda ake gane inda ruwa yake kusa kafin a haƙa rijiya, dalilin da ya sa ake barin gawo a gona, shi da ke zubar da ganye da damina ya bar wa dawa rana, yadda ake ɗora rumbu a kan duwatsu don gara da danshi, wane ganye ake ci a bazara idan hatsi ya yi ƙasa, tafasa ko yaɗiya. Abin takaici, manyan littattafan da suka adana wani abu daga wannan ilimi da Turanci suke, baƙi ne suka rubuta yawancinsu, kuma mafi sabo a cikinsu ya haura shekara arba'in.

Ma'aikacin da ke mafarkin gidan gona a bakin madatsar Zobe, wadda aka kammala tun 1983, yana da abin yi kafin ya sayi fili. Ya karanta Baba da Polly Hill tare da Thoreau, sannan ya lura cewa gidan gonar da yake zanawa a zuciyarsa, mai katanga da mai gadi da mota a shirye, ribaɗi ne ƙarami, kuma ba zai fi ƙauyen da ke kusa da shi aminci ba. Sulhun da al'ummomi suka riƙa ƙullawa da 'yan bindiga a wasu ƙananan hukumomin jihar a 2025 ya ba wasu damar komawa gona, amma komawa noma daban, komawa da kwana daban. Ranar da magidanci ya yarda ya mayar da matansa da rumbunsa tsakiyar gona, ranar ce za a san sulhu ya kama ƙasa, ba ranar da aka ɗauki hoto a bakin daji ba.

Kafin wannan rana, mutanen da suka san yadda ake kafa gida a daji suna nan cikin garin Dutsin-Ma da Kurfi, a ɗakunan haya da gidajen dangi, wasu suna gadi, wasu suna tura baro, tsofaffin cikinsu suna zaune a inuwar masallaci. Garin Dutsin-Ma yana da Jami'ar Tarayya tun 2011, yana da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, dukansu da ɗaliban Hausa da na tarihi da na aikin gona waɗanda kowace shekara ke neman batun kundin kammala karatu. Mary Smith ba ta yi amfani da komai ba sai alƙalami da takarda da 'yan makonni na zama da tsohuwa ɗaya, kuma Baba ta rasu a 1951, shekara guda bayan sun gama.